Cokulan Hajiya Yalwa

Samarin unguwarmu kan tsaya a bakin zaure su kalle ni ina aiki, su ce Baba Sale ya samu sana'ar hutu, wanke cokali. Wani ma ya ce in ba shi sati guda zai fi ni sauri. Ban musa ba, zai fi ni. Na ga masu sauri da yawa, na kuma ga abin da suka bari a bayansu. Ku zauna in gaya muku abin da ake wankewa.

Cokalin da nake taɓawa ba azurfa ce zalla ba. Cikinsa tagulla ce, ko wani ƙarfe mai kama da ita. Ruwan azurfa aka yi masa a sama, kuma kaurinsa bai kai ɓawon albasa ba. Duk ranar da ka goge shi ka ɗebe wani abu daga ciki, abin da ka ɗebe kuwa ba ya dawowa. Sa cokali ƙyalli kowa zai iya. Aikina shi ne in fitar da baƙin, in bar azurfar a inda take.

A Kano na koya, a gidan wani Kwara, Balarabe mai sayar da yadi. Shara da ɗiban ruwa suka kai ni. Kukun gidan, Baba Ɗanjuma, mutumin Zariya ne, dogo, ba ya dariya sai in abinci ya ƙone a hannun wani. Ranar da ya fara kirana kicin ya tambaye ni da me uwata take wanke tukunya. Na ce da toka da yashin kogi, kamar kowace mace a Wudil. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani tsohon cokali, ya juya mini bayansa. Rawaya ne, kamar an shafa masa manja. Ya ce wannan aikin mai ƙwazo ne, malalaci ba ya iya yi wa cokali haka. Daga nan ya miƙo mini ƙyalle ya ce tsanewa ce aikina, ɗan Wudil, sai ranar da ya ce na isa.

Na daɗe a kan ƙyallen nan. Shi yake wankewa, ni in tsane, ɗaya bayan ɗaya, tun suna da ɗumi. Idan na bar ɗigon ruwa ya bushe a kan cokali, ba ya magana. Sai ya ajiye shi a gefen kwanon abincina in gani. A wajen tsanewa na san nauyin kowanne, na san inda cokali yake fara mutuwa: gindin bayansa inda yake zama a kan faranti, da bakinsa na hagu inda yake kankarar kwano.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma har yau su ne a jakata. Tsohon zanen auduga da ya sha wanki har ya yi laushi. Sabulu mara ƙarfi. Alli, wanda ake niƙawa a dama da ruwa, a jira tsakuwar ta kwanta, a tsiyaye farin ruwan sama, shi ake bari ya bushe a yi aiki da shi. Asuwakin da aka tauna ya yi gashi, domin shiga cikin zanen jikin cokali. Zaren auduga na tsakanin yatsun cokali mai yatsu. Sai kanwa da tukunyar alminiyam, irin ta dafa shinkafar biki.

Aikin kanwa shi ne babba, shi Baba Ɗanjuma ya koya mini a ƙarshe. A jiƙa kanwa, a tace ta da ƙyalle, domin akwai yashi a cikinta. A zuba a tukunyar alminiyam da ruwan zafi, a jera cokulan yadda kowanne zai taɓa jikin tukunyar. Ba a gogewa, ba a motsawa. Can sai wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin ya bar cokali, tukunyar ta dushe. Na tambaye shi me ya sa haka. Ya ce shi ma bai sani ba, ya san dai tukunya ba ta ƙorafi. Wuƙa kuwa ba ta shiga. Ƙotarta rami ce, danƙo ne ya riƙe kaifin, ruwan zafi na taɓa ta ta saki.

Ya nuna mini abokan gabar azurfa. Ƙwai, daddawa, albasa, gishirin da ya kwana. Robar da mata ke ɗaure cokula da ita, wadda take barin baƙin layi da ba ya fita da sauƙi. Hayaƙi. Amarya ta jera kayanta a kabad, ta turara ɗaki safe da yamma, bayan 'yan watanni ta aiko a ce mini an sayar wa uwarta jabu. Ni kuwa in ce ta gode wa Allah. Silba ba ta baƙi. Wanda ya yi baƙi shi ne mai azurfa.

Wata rana Baba Ɗanjuma ya tafi da ni kasuwa cefane, ya bi da ni ta wajen wani abokinsa, Iro. Iro yana da kwalba mai ruwan zaiba. Ya diga a tsumma, ya shafa wa tsohon kwabo, nan take kwabon ya koma fari fat. Mutane suna kawo masa zobe da awarwaro da cokali. Hasken ba ya wuce 'yan kwanaki, amma kafin nan Iro ya koma wata kasuwar. Ni ba kwabon na kalla ba, hannunsa na kalla. Rawa yake, ba ya iya riƙe kofin shayi sai da hannu biyu. Dasashinsa baƙi, haƙoran gaba sun zube, miyau yana bin haɓarsa. Da muka bar wurin Baba Ɗanjuma ya ce sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya. Ya ce wannan a hannu kawai ya shige shi, ina ga wanda ya sa a baki. Muka je muka sayi tumatir.

Da Kwaran ya rasu, 'ya'yansa suka rufe gidan. Baba Ɗanjuma ya koma Zariya, ni na dawo Wudil da jakata. Na tarar silba ta cika gari, bayanta cokalin roba ya zo, wanda ake ci a yar. Mutane suka ce sana'ata ta mutu tun kafin in sauke kaya. Ba ta mutu ba, ramewa ta yi. Akwai hajiyoyi masu tsarabar Makka ta da, butar shayi da tire da ƙananan cokula. Akwai amare. Da jami'a ta zauna, matan malamai suka riƙa aiko da kayan aurensu gab da salla. Tsakanin wannan da 'yar gonata ta fadama nake ci.

Amma abincina na kullum a gidan Hajiya Yalwa yake, a Sabon Gari, nan Wudil. Bazawara ce, tana ba da hayar kayan biki: rumfa, kujeru, kuloli, tabarmi. Irin waɗannan kowa yana da su. Abin da ya bambanta ta shi ne akwatin katako mai shimfiɗar karammiski, wanda mijinta ya saya a gwanjon wani otal kafin ya rasu. Cike yake da cokula masu ruwan azurfa, da masu yatsu, da wuƙaƙe, da na shayi. Teburin manya ake sa wa. Saboda akwatin nan ake kiranta, sauran kayan su bi bayansa. Ni nake wanke shi kafin biki da bayan biki, kuma ba ta yarda wani ya buɗe shi.

Mai wanki ya san abin da mai biki bai sani ba. Masu yatsu da wuƙaƙe yadda na jera su haka suke dawowa, da wuya ka ga maiƙo a jikin ɗaya. Manyanmu cokali suke ɗauka, in ba su sa hannu ba. Sauran ado ne. Na taɓa gaya wa Hajiya, ta ce in rufe bakina, adon ake biya.

Sai shekarar ruwa ta zo. Aka yi ta ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya fito. Gonata ta tafi da masarar da ke cikinta, katangar gidana ta kwanta. Ina ta kaina, ban samu leƙa Hajiya da wuri ba. Ita ruwa ya shiga ɗakin ajiyarta har ƙugu. Tabarmi suka ruɓe, rumfuna suka yi funfuna, kujeru da yawa suka bi ruwa. Akwatin ya kwana a cikin laka har ruwan ya janye.

Abin da ya rage mata a gaba aiki ɗaya ne. Wani malamin jami'a zai aurar da 'yarsa, baƙi za su zo daga Yola. Matarsa ta taɓa ganin akwatin a wani biki, ta zo da kanta ta ce shi take so. Matan jami'a kuwa junansu suke tambaya. Idan wannan ta yaba, ƙofa ta buɗe, Hajiya ta miƙe. Idan ba ta yaba ba, shi ke nan.

Kun san al'adarmu. In abu ya samu mutum, dangi za su zo jaje, kuma mata ba sa zuwa su zauna. 'Yan uwanta suka taso daga Darki da Kausani, suka ɗaure zani, suka fito da komai tsakar gida. Yashi ba sai an je kogi ba, ruwa ya kawo shi har ƙofar ɗaki. Toka tana murhu. Hajiya ta tafi neman aron kujeru. Suka wanke tukwane, suka wanke kuloli, suka ga akwati ya kumbura murfinsa ya ɗage, ciki baƙi ƙirin da laka. Suka yi masa abin da suka iya.

Da hantsi na shiga. Na tarar an shanya cokula a kan tabarma, suna ta walƙiya a rana. Gwaggo Asabe, yayar mahaifin Hajiya, tsohuwa mai ƙarfin hannu, tana tsugune da soso cike da yashi. Ta ɗago ta ce, "Sale, ka makara. Mun rage maka aiki."

Na ɗauki ɗaya na juya. Rawaya. Na ɗauki wani. Rawaya a baya, rawaya a baki, cikinsa duk zane kamar kaza ta yi tono. Manyan cokula suka fara bi, domin su ne masu sauƙin riƙewa, kuma sun gama da su kaf. Masu yatsu da wuƙaƙe da 'yan ƙananan na shayi sun ba su wahala, sun tara su gefe sai an jima. Wato abin da ake ci da shi ya tafi, adon ya tsira.

Matar da ta baro gidanta ta zo taya ka aiki ba a yi mata faɗa. Na ce sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri, sauran ku bar mini. Na kwashe na gefen na shiga zaure da su.

Da Hajiya ta dawo na nuna mata a keɓe. Ta daɗe tana juya cokali ɗaya a hannu. Ta sa aka dafa wa matan abinci, ta yi musu godiya, ta raka su bakin titi. Da ta dawo ta tambaye ni me za a yi. Na ce waɗanda ba a taɓa ba zan dawo da su. Waɗannan kuwa sai an sake musu ruwan azurfa, kuma ban san mai yin na gaskiya a kusa ba, balle a 'yan kwanakin da suka rage.

Na yi nawa. Na ɗauraye lakar da ruwa zalla, ba tare da na goga ba, domin ita ma laka yashi ce. Na kafa tukunya da kanwa. Wuƙaƙen na bi su da hannu, da alli, na jingine su kai ƙasa ruwan da ya shiga ƙota ya tsiyaye. Suka fito kamar ranar da aka saye su. Na jera su kusa da cokulan da aka gurza, sai abin ya ƙara muni.

Ranar Asabar da safe Hajiya ta aiko in zo. Tana zaune a kan tabarma da kwanon koko da ƙosai. A gabanta ga wata 'yar kwalba. Ta ce jiya a kasuwar Juma'a ta ga wani mutum da lasifika yana mai da tagulla azurfa, ta saya. Tun kafin in buɗe na san ko mece ce. Na ba ta labarin Iro, hannunsa da bakinsa. Ta ce wannan shekaru ya yi yana taɓawa.

"Yini ɗaya ne fa, Sale. Su ci su tashi."

Na ce da shi za a ɗebi miya mai zafi, a kai baki.

"In na rasa aikin nan, kai ma ka rasa naka. Ka san da haka?"

"Na sani, Hajiya."

"To shafa."

Na naɗe tsumma a kan tsinke, na diga, na shafa wa cokali ɗaya ciki da baya. Ya yi fari, ya ma fi na gaskiyar haske. Ta ce ka gani. Na ɗauraye shi, na tsane shi kamar yadda zan yi wa na biki. Sannan na tsoma shi a cikin kokonta, na juya ƙotar ta kalle ta.

"Bismillah, Hajiya."

Ta kalli kwanon. Ta kai hannu ta riƙe cokalin, ta ɗebo, ta tsaya. Ina jin awaki suna kuka a bayan gida. Da ta kai shi baki da na buge hannunta, amma ba ta san da haka ba. Ta mayar da shi a hankali. Ta ce a zuba wa kaji. Na ce kada a ba kaji, a haƙa rami. Ni na haƙa, na binne kokon da kwanon da cokalin da kwalbar.

Da kanta ta je wajen matar malamin, ta gaya mata abin da ruwa da yashi suka yi. Ta ce za ta kawo masu yatsu da wuƙaƙe, a haɗa da cokulan silba. Matar ta yi mata jaje sosai, har ta ba ta turmin atamfa. Amma bikin 'yarta ne, tana son kaya iri ɗaya, ba wanda zai ga laifinta. Ta ɗauko haya daga Kano. Mutumin Kanon ya yi aiki mai kyau, matan jami'a suka karɓi lambarsa. Hajiya ta aiko aka gaya mini kada in zo sai ta neme ni.

Shekarar ba mai kiran mai wanke cokali, kowa yana ta gyaran katanga. Gini kuwa yashi yake so. Na gangara kogi na shiga cikin masu loda wa tifa. Ina da furfura a lokacin, yaran wurin suna ce mini Baba mai azurfa, in an cika mota su ce in zo in goge tayar. Na yi ta ɗiba. Abin da ya dame ni hannuna ne. Aikin azurfa da kan yatsa ake jinsa, tun ido bai ga rawaya ba yatsa ya ji wurin ya yi santsi daban. Shebur ya sa tafina ya yi kanta, yatsun suka faffashe. Kullum in na tashi sai in shafa man kaɗe, in ɗaure da tsumma. Ban san ko zan sake buƙatarsu ba, na dai ci gaba da shafawa.

A tsakanin nan nakan ga cokulan. Hajiya ta rarraba wa matan da suka zo taya ta aiki, kowacce ɗaya ko biyu, ta ce tukwici ne. Ba ta taɓa gaya musu abin da suka yi ba. Na je gaisuwar rasuwa a Darki, aka kawo mana fate da ɗaya daga ciki. Ya sha yashi har ba sauran fari ko ɗigo, ya zama tagulla sak, mai tsabta. Na ci da shi. Ba abin da ya same ni, tagulla ba ta ɓoye komai.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Hajiya ta farfaɗo a hankali, da kujerun roba da cokulan silba, bukukuwan unguwa da sunaye. Teburin manya bai dawo ba. Muna haɗuwa a hanya in gaishe ta, ta amsa, ta wuce.

Ana saura 'yan kwanaki babbar salla, Hajiya ta aiko. Na wanke hannu da ruwan ɗumi, na ɗauki jakata. Na same ta a wurin da na bar ta, kan tabarma, akwatin yana gefenta, an sake masa murfi. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi kogi. Ta ce ba na haya ba ne yanzu, surukanta ne za su zo, tana so a sha shayi da 'yan ƙananan. Ta kalli hannuna ta ce ko zai iya. Na ce za mu gani.

"Har yau ban yafe maka kokona ba."

"Ai na ce bismillah, Hajiya."

"Ɗauki akwatin ka tafi zaure, kafin in tuna sauran."

Na kai shi zaure na buɗe. Duk suna nan a jere yadda na bar su, baƙi ƙirin, har da shuɗi-shuɗi a tsakanin yatsu. Tun ranar ba ta bar kowa ya taɓa su ba, ko da ƙyalle. Na bi bayan ɗaya da yatsa, na ji azurfar tana nan a ƙarƙashi. Na ce alhamdu lillahi, na leƙa cikin gida na tambayi inda tukunyar alminiyam take.